Daga Kaskon Fitsari Zuwa Zuciya: Tarihin Ciwon Sukari

Ciwon sukari yana cikin tsofaffin cututtukan da ɗan Adam ya rubuta labarinsu, kuma yana cikin waɗanda aka fi daɗewa ana yi musu gurguwar fahimta. Shekara fiye da 3,000 masana suka yi suna leƙen kaskon fitsarin majiyyaci, alhali kuwa babbar ɓarnar tana can cikin jijiyoyin jini da zuciya. Ba a gane haka sosai ba sai a ƙarni na 20. Ko da likitoci suka gane, sai da aka ƙara shan wata doguwar tafiya kafin labarin ya fita daga asibiti ya shiga kunnen jama'a, a nan ƙasar Hausa kuwa har yanzu yana kan hanya. Tafiyar nan ce wannan maƙala za ta bi diddiginta.

Zamanin kasko

Akwai wata tsohuwar takardar magunguna ta mutanen Masar wadda aka rubuta wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Wani Bajamushe, Georg Ebers, shi ya saye ta a cikin shekarun 1870, aka kuma laƙaba mata sunansa. A cikinta an ambaci magani na mai yawan fitsari, masana da yawa kuma suna ɗaukar wannan a matsayin ambaton farko na cutar. Likitocin Indiya na dā, irin su Sushruta, sun fi Misirawa ƙwaƙƙwafi. Sun lura tururuwa na taruwa a inda majiyyaci ya tsuguna, saboda haka suka sa wa cutar sunan da ke nufin fitsarin zuma. Har ma sun raba ta biyu: wadda ke kama ramammu, da wadda ke kama masu ƙiba, masu ci su kwanta.

Sunan da Turawa ke kiranta da shi daga Yunananci ya fito, ma'anarsa kuwa abin da ruwa ke bi ta cikinsa ya wuce, kamar bututu. Aretaeus, wani likita mutumin Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya siffanta mai cutar da mutumin da namansa ke narkewa yana fita ta hanyar fitsari, ga ƙishirwar da ba ta yankewa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninta a littafinsa al-Ƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin, ya kuma ambaci ruɓewar gaɓa da raunin mazakuta. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, gama dukansu alamu ne na lalacewar jijiyoyi. Watau malamin ya taɓa bakin zaren, sai dai zamaninsa ba shi da kayan aikin da zai ja shi.

Turai ba ta ƙara wani abin kirki a kan wannan ba sai a 1674, sa'ad da Thomas Willis na Ingila ya ɗanɗana fitsarin majiyyatansa (aikin likita a wancan zamani ba na mai ƙyanƙyami ba ne) ya tabbatar da zaƙinsa. A 1776 Matthew Dobson na Liverpool ya ƙafar da fitsarin a kan wuta, ya sami wani gari mai kama da sukari a gindin kwano. Ya kuma gano cewa jinin majiyyacin ma yana da zaƙi. Wannan babban abu ne, domin ya nuna cutar ba ta ƙoda ba ce kamar yadda aka daɗe ana zato, a cikin jini take. Shekara kusan ɗari bayan haka, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Faris ƙawanya a 1870 zuwa 1871, abinci ya yi wuya, wani likita mai suna Bouchardat ya lura sukari ya ɓace daga fitsarin waɗansu majiyyatansa. Yunwar yaƙi ta yi abin da magani ya kasa.

Daga nan al'amura suka yi sauri. A 1889, a birnin Strasbourg, Minkowski da von Mering suka cire wa wani kare wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari nan take. An gano gidan cutar ke nan, amma ba a sami magani ba. Yaron da ya kamu a wancan lokaci da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Abin da kawai ake yi masa shi ne horon yunwa irin na Dokta Frederick Allen na Amurka, wanda kan ƙara wa yaro 'yan watanni, wani lokaci kuma yunwar ce ke ƙarasa shi. Ƙarshen mafi yawansu doguwar suma ce, wadda ba a farfaɗowa daga gare ta.

A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da wani ɗalibi, Charles Best, suka tatso sinadarin insulin a ɗakin binciken Farfesa Macleod, James Collip kuma ya tace shi. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya tashi daga bakin kabari, ya ƙara shekara 13 a duniya. A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Jaridu suka yi ta shela cewa an kashe bakin ciwon sukari.

Abin da insulin ya tona

Ba a kashe ba. Mutumin da ya fara faɗin haka da hujja shi ne Dokta Elliott Joslin na birnin Boston. Shi wannan bawan Allah tun daga shekarun 1890 yake da wani babban littafi inda yake rubuta kowane majiyyaci da ya zo hannunsa, da yadda ya ƙare. Da ya waiwayi littafin sai ya ga abin mamaki. Kafin 1914, kusan kashi biyu cikin uku na majiyyatansa da suka mutu doguwar suma ce ta kashe su, waɗanda ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya kashe kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Bayan zuwan insulin sai lissafin ya fara juyawa. A 1927 Joslin ya yi rubutu yana gargaɗi cewa mai ciwon sukari ya tsira daga suma, amma ga shi yana mutuwa da ƙandarewar jijiyoyin jini. Kafin a kai shekarun 1960, a asibitin nasa, suma ta koma ɗan abin da ba a rasa ba, zuciya da ƙoda da jijiyoyi suka ɗauke wajen kashi uku cikin huɗu.

To, me ya sa aka yi dubban shekaru ba a ga wannan ba? Da farko dai, mai cutar ba ya daɗewa har jijiyoyinsa su lalace, domin ɓarnar tana bukatar shekaru. Sa'an nan ita kanta toshewar jijiyar zuciya ba a iya gane ta a jikin mai rai ba sai bayan da James Herrick na Chicago ya yi bayaninta a 1912, na'urar auna motsin zuciya kuma ta yaɗu a asibitoci. Har wa yau, ba a tantance cewa cutar iri biyu ce ba a ilmin zamani sai da Harold Himsworth na Landan ya nuna haka a 1936: akwai wanda jikinsa ya daina yin insulin, akwai kuma wanda jikinsa ke yi amma ya daina jin maganarsa. Na biyun nan shi ne ke damun wajen mutum tara cikin goma na masu cutar, yakan zo a hankali bayan an manyanta, kuma yakan yi shekaru yana aiki a ɓoye kafin mai shi ya sani. Abin da Sushruta ya hango ke nan tun tuni.

Littafin Joslin na asibiti ɗaya ne, mai gardama yana iya cewa waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ne kawai ke zuwa wurinsa. Hujjar da ta rufe bakin kowa daga wani ƙaramin gari ta fito, Framingham, kusa da Boston. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya ya zama babban mai kisa a Amurka, shugabansu ma, Roosevelt, hawan jini ne ya fasa masa jijiyar ƙwaƙwalwa a 1945. Saboda haka a 1948 hukumar lafiya ta ɗauki mutum 5,209 na garin, maza da mata, ana auna su duk bayan shekara biyu, ana jiran a ga wanda zai kamu da me. Aiki ne na haƙuri, irin wanda mai fara shi ba lalle ya ga ƙarshensa ba. A 1979 Kannel da McGee suka fitar da sakamakon shekara 20 game da ciwon sukari: yana ninka haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi sau biyu ga namiji, wajen sau uku ga mace. Wannan na mata abin lura ne ƙwarai. A al'ada mace ta fi namiji kariya daga ciwon zuciya kafin ta daina haila, amma ciwon sukari yakan rushe wannan katanga.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Cikin kowace jijiyar jini akwai wani lallausan shafe mai santsi, kamar daɓen da aka goge. Sukarin da ya yi yawa yana kankare wannan shafe a hankali, kitsen da ke yawo a jini sai ya sami wurin maƙalewa, hanya ta yi ta ƙuntata. Jinin mai cutar kuma ya fi saurin daskarewa. Ran da gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, wani sashe nata ya mutu. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye. In a ƙafa ne, ɗan gyambo ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Mafi muni, cutar tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, saboda haka mai ciwon sukari yana iya samun toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da zai sa a garzaya da shi asibiti ba, sai dai gajiya, ko haki, ko gumi. Kuma cutar ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya nuna cewa hawan jini da lalacewar kitsen jini da ƙin jin insulin 'yan ɗaki ɗaya ne.

Hankali zai ba mutum cewa tun da sukari ne ya jawo, a sauke sukarin kawai zuciya ta huta. Likitoci ma haka suka zata, kuma sun sha mamaki. A 1970 wani bincike a Amurka ya nuna alamar cewa masu shan wata ƙwayar rage sukari, tolbutamide, sun fi mutuwa da ciwon zuciya, aka yi shekaru ana cacar baki a kai. A Ingila aka fara wani babban bincike a 1977 da mutum 5,102, aka bayyana sakamakonsa a 1998. Rage sukari ya kare ido da ƙoda sosai, amma amfaninsa ga zuciya bai fito fili ba sai bayan an ƙara bin mutanen shekara 10. Abin da ya ba da mamaki shi ne rage hawan jini: shi ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 44 cikin 100. A 2008 kuma aka dakatar da wani sashe na wani bincike a Amurka saboda waɗanda aka matsa wa lamba a sauke sukarinsu da ƙarfin tsiya sun fi mutuwa. A shekarar ce hukumar magunguna ta Amurka, bayan hayaniyar da aka yi a 2007 kan ƙwayar rosiglitazone, ta ce duk sabon maganin ciwon sukari sai an gwada shi an ga ba ya cutar da zuciya. Daga irin wannan gwaji ne aka yi dace a 2015, aka ga ƙwayar empagliflozin ta rage mutuwa ta hanyar zuciya da kashi 38 cikin 100 ga masu ciwon sukarin da zuciyarsu ta riga ta taɓu.

A ganina binciken da ya fi kowanne koyar da darasi ƙarami ne, na mutum 160 kacal, a asibitin Steno na ƙasar Denmark. An raba su biyu, rabi aka bi su da kulawar yau da kullum, rabi kuma aka tasar wa komai gaba ɗaya: sukari, hawan jini, kitsen jini, taba, abinci da motsa jiki. A 2003 aka ga haɗarin zuciya da jijiyoyi ya ragu da kusan rabi a wurin kashi na biyun.

Fitar da labari waje

Wayar da kai ya girmi insulin da kaɗan. Joslin ɗin nan tun a 1918 ya rubuta ɗan littafi domin majiyyata su karanta da kansu, gama ya yi imani mai cutar shi ne likitan kansa na farko. A 1926 aka kafa ƙungiyar masu ciwon sukari ta farko a Fotugal. A 1934 wani likita, R. D. Lawrence, da marubucin nan H. G. Wells, dukansu masu cutar, suka kafa ta Ingila. Ta Amurka ta biyo baya a 1940, tarayyar ƙungiyoyin ta duniya kuma a 1950. A 1991 wannan tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa ranar ciwon sukari, wadda ake yi ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ita a watan Disamba na 2006.

Amma duk wannan shela, yawancinta a kan allura da abinci da makanta da yanke ƙafa take. Zuciya a baya aka bar ta. Dalili kuwa, masu sukari da likitocinsu da ƙungiyarsu daban, masu zuciya da nasu daban, kowa na kiwon garkensa. Sai a 1999 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fito ta ce ya dace a ɗauki ciwon sukari a matsayin cutar zuciya da jijiyoyi, shekara 72 ke nan bayan gargaɗin Joslin. A 2018 tarayyar duniya ta tambayi masu cutar fiye da 12,000 a ƙasashe fiye da 130, ta tarar wajen ɗaya cikin huɗu bai taɓa tattauna haɗarin zuciya da likitansa ba, ko kuwa ba ya tuna an yi. A tsakanin nan cutar ba ta tsaya jiran kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya masu ita miliyan 108 a 1980, miliyan 422 a 2014.

Mu kuma fa?

A 1901 Albert Cook, likitan mishan a Uganda, ya rubuta cewa ciwon sukari ba kasafai ake ganinsa ba a can, wannan magana kuma ta daɗe tana yawo, har aka ɗauka cutar ba ta baƙar fata ba ce. Likitocin Ibadan ne suka fara warware wannan a Nijeriya. A 1971 Osuntokun da abokan aikinsa suka ba da bayanin majiyyata 832 da suka gani a asibitin koyarwa na can. Sai dai a wancan zamani toshewar jijiyar zuciya baƙuwa ce ƙwarai a asibitocinmu. Ciwon zuciyar da likitocin Zariya suka yi suna da bincikensa a shekarun 1970 na masu jego ne, wanda suka danganta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Saboda haka ba laifi ba ne in likitan wancan lokaci bai haɗa sukari da zuciya a bakinsa ba.

Zamani ya juya. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 1992 ƙarƙashin Farfesa Akinkugbe ya sami kashi 2.2 cikin 100 na manya da cutar. A 2018 Uloko, likita a Kano, da abokansa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka sami kusan kashi 6, Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3. Kada wannan ya sa mu saki jiki, domin a ƙiyasin tarayyar duniya na 2021, cikin mutum miliyan 24 masu cutar a yankin Afirka, fiye da rabi ba su san suna da ita ba. Kakanninmu sun sha rake da zuma da mazarƙwaila, amma da ƙafa suke zuwa gona. Mu kuwa ga lemon kwalba, ga shayi mai cokali huɗu, ga babur har zuwa masallacin unguwa, teɓa kuma har gobe alamar hutu ce. A 2021 dokar kuɗi ta ƙasa ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, abin da mai sayen kwalba ɗaya ba zai ko ji a aljihunsa ba. A wurinmu kuma haɗin cutar da jijiyoyi ya fi fitowa ta hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da ta ƙoda, waɗanda sau da yawa akan ɗora wa iska ko sammu.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Sunan da muka ba cutar, ciwon sukari ko ciwon suga, yana sa mutum ya zaci in ya daina zuba sukari a koko ya gama da ita, sai ya ci gaba da malmala tuwo, ya ci gaba da zuƙar taba, bai kuma taɓa miƙa hannu an auna jininsa ba. Shi kuwa "ciwon zuciya" a bakin Bahaushe baƙin ciki ne tun asali. In aka ce ɗa ya sa wa uwarsa ciwon zuciya, ba wanda zai tuna da jijiya. Haka in magidanci mai ciwon sukari ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, sai a shiga binciken wanda ya ɓata masa rai, ko bashin da ake binsa. Ma'aikacin lafiya da ya hau rediyo ya ce ciwon sukari yana kawo ciwon zuciya, mai sauraro a ƙauye yana iya fahimtar cewa cutar tana sa damuwa, ya gyaɗa kai, ya ce ai gaskiya ne. Ko "bugun zuciya" da 'yan jarida ke amfani da shi wajen faɗin toshewar jijiya, shi ne dai sunan motsin da zuciyar kowane mai rai ke yi dare da rana, sai an dubi sauran jimlar kafin a san ko mutumin da ake magana a kansa lafiyarsa ƙalau ko kuwa an riga an yi masa sutura.